Gurbi Mai Ƙarasa Rubutu da Sunayen Kasuwar Maigatari

Duk wanda ya taɓa cike fom a shafin intanet, ko na neman gurbin karatu ko na buɗe asusun banki, ya san wani ɗan abin mamaki da ke faruwa a wasu guraben. Da zarar mutum ya buga baƙi biyu ko uku, sai jerin kalmomi ya zubo a ƙarƙashin gurbin, kamar dai na'urar ta riga shi sanin abin da ke bakinsa. Ya zaɓi guda, ya wuce gaba. Masana kwamfuta sun daɗe da mayar da wannan dabara abin yau da kullum, har ta kai ɗalibi mai ƙwazo yana iya haɗa ta cikin yini guda. Wannan sauƙi ne ya sa ake raina ta. To, amma a wuri irin Maigatari, inda ƙasashe biyu da hanyoyin rubutu biyu suke haɗuwa a kan buhu ɗaya na riɗi, ɗan gurbin nan yana iya zama sanadin gyaran lissafin ciniki, yana kuma iya zama sanadin dagula shi ba tare da kowa ya lura ba.

Maigatari tana arewacin Jihar Jigawa, a bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, tana fuskantar yankin Damagaram. Ita da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar su ne ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel. Kasuwarta da ke ci ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, inda ake hada-hadar shanu da tumaki da awaki da raƙuma, ban da riɗi da zoɓo da wake da ƙasar ta shahara da su. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka amince da kafa yankin ciniki marar shinge a garin, a ƙarƙashin hukumar NEPZA wadda aka kafa a 1992. Shekaru da dama yankin bai kai inda aka yi masa fata ba, gwamnatocin jihar kuma sun sha yin maganar farfaɗo da shi. Rufe iyaka ma bai taimaka ba: an rufe a watan Agusta na 2019, aka buɗe a Disamba na 2020, Maigatari tana cikin mashigai huɗu na farko da aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Abin lura game da irin wannan yanki shi ne, rayuwarsa duka a kan rubutu ta dogara. A dokar kwastan, kayan da ke cikin yankin ana ɗaukar su tamkar ba su shigo ƙasa ba tukuna. Sai ranar da aka fito da su zuwa kasuwar cikin gida kuɗin fito yake hawa kansu. Watau ke nan, katangar da ta raba yankin da sauran ƙasa ta ainihi ita ce littafin da ke nuna me ya shiga, na wane ne, daga ina, me kuma ya fita. Wannan littafi kuwa ya daɗe da komawa cikin kwamfuta. Nijar tana amfani da tsarin da hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, wanda masu jin Faransanci ke kira SYDONIA. Nijeriya ma ta yi amfani da shi da sunan ASYCUDA kafin ta koma NICIS, sa'an nan a 2024 hukumar kwastan ta soma gwada sabon tsari mai suna B'Odogwu. Duk wani fom da za a yi wa yankin Maigatari nan gaba, ko na rajistar ɗan kasuwa ne, ko na shigar da kaya sito, ko na harajin kasuwa, a shafin intanet za a cike shi, kuma da wuya a rasa gurbi mai ƙarasa rubutu a cikinsa.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda abin yake aiki, domin a nan ne amfaninsa da haɗarinsa suke kwance. A bayan shafin akwai wata babbar kwamfuta mai ɗauke da rumbun bayanai, watau jadawali masu layuka da ginshiƙai, irin tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana a 1970. Idan akawu ya buga "Mai", shafin yakan ɗan dakata, kamar sulusin daƙiƙa, ya ga ko akwai ƙarin baƙi. In babu, sai ya aika wa babbar kwamfutar tambaya a ɓoye, ba tare da ya sake buɗe shafin ba: kawo duk sunan da ya fara da waɗannan baƙaƙe. A cikin ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya, amsar za ta zo da Mai'adua da Maiduguri da Maigatari da Maiha da Maiyama. Ya ƙara "g", sai Maigatari kaɗai ta rage. Rumbun ba ya bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Yana da fihirisa da aka jera bi da bi, ta yadda kowane taki na bincike yakan zubar da aƙalla rabin abin da ya rage. Da wannan hanya, suna ɗaya a cikin miliyan ba ya buƙatar fiye da taki 20. Dabarar ta bazu a duniya bayan kamfanin Google ya fito da ita a injin bincikensa cikin Disamba na 2004, aikin wani injiniya mai suna Kevin Gibbs, kuma a 2005 aka raɗa wa hanyar aika tambaya a ɓoye suna Ajax.

Akwai wani sirri da ido ba ya gani. Lokacin da akawu ya zaɓi "Maigatari", abin da ake ajiyewa a rumbu lamba ce da aka keɓe wa garin. Nan ne babban alherin yake. Idan aka bar mutane goma su rubuta Sule Tankarkar da hannunsu, wani zai haɗe kalmomin, wani zai raba, wani zai sa karan ɗori, wani zai gajarta ya rubuta S/Tankarkar, wani kuma zai manta "r" ɗaya. Ɗan Adam ya san duk wuri ɗaya ne. Kwamfuta kuwa garuruwa biyar take gani, in aka tambaye ta yawan riɗin da ya fito daga can sai ta ba da kashi ɗaya daga ciki, wanda zai tsara rabon taki ko gina sito kuma da wannan guntun lissafi zai yi aiki. Saboda haka ba a jayayya a kan cewa yankin yana buƙatar irin wannan gurbi. Lalle yana buƙata.

Inda gizo ke saƙar shi ne jerin da ke cikin rumbun. Na'ura ba ta ƙarasa sai abin da aka riga aka zuba mata, kuma abin da aka saba yi shi ne ɗan kwangila ya kwafo jerin sunaye da Turanci daga wani wuri, ya zuba, ya miƙa aiki, ya karɓi kuɗinsa. Wannan jeri ba zai yi wa Maigatari aiki ba.

A ɗauki sunayen mutane. Bahaushen Gumel da Bahaushen Magarya harshe ɗaya suke yi, watakila ma kakansu ɗaya, amma takardar wannan an rubuta ta da ƙa'idar da ta biyo hannun Ingilishi, ta wancan kuwa da ta Faransanci. Usman a nan, Ousmane a can. Shu'aibu a nan, Chaïbou a can. Yusufu da Issoufou, Abubakar da Aboubacar ko Boubacar, Muhammadu da Mahamadou. Gurbin da ke neman farkon kalma kawai, in aka buga masa "Us", har abada ba zai kawo Ousmane ba. Akawu zai ɗauka mutumin ba shi da rajista, ya buɗe masa sabuwa, falke ɗaya ya koma mutum biyu ko uku a rumbu, kowane da nasa guntun tarihin biyan kuɗi. Haka sunayen garuruwa: Kance da Kantché, Tasawa da Tessaoua, Magarya da Magaria.

Masu ilmin lissafi sun yi ƙoƙarin magance kuskuren rubutu. A 1965 wani masani ɗan Rasha, Vladimir Levenshtein, ya kawo hanyar auna nisan kalma da kalma ta ƙirga baƙaƙen da za a sauya, ko a ƙara, ko a cire. Da ita na'ura takan gane wanda ya buga "Maigatri" Maigatari yake nufi. Amma da wannan awo, tsakanin Dutse ta Jigawa da Dutsi ta Katsina baƙi ɗaya ne tak, tsakanin Gumel da Gummi ta Zamfara biyu, alhali a ƙasa tafiyar sa'o'i ce. Na'ura ba ta san bambancin kuskure da wani gari dabam ba. Sa'an nan babu wani lissafin baƙaƙe a duniya da zai nuna mata cewa Damagaram da Zinder abu ɗaya ake nufi a bakin ɗan kasuwa. Sai dai mutum ya zauna ya rubuta mata.

Sai batun baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda tsarin Unicode ya tanada musu lambobi tuntuni, amma yawancin madannan kwamfutar ofis ba su da su. Wanda ba shi da ƙugiya zai buga "karo" yana nufin ƙaro, wanda ake fitarwa ƙasashen waje da lambar 1301.20. Zai buga "kada" yana nufin kaɗa, watau auduga a bakin Sakkwatawa da Katsinawa, ba dabbar ruwa ba. Gurbi na gari dole ya karɓi kalma ko da ƙugiya ko babu, ya nuna ta da cikakkiyar ƙugiyarta. Har ila yau, ƙa'idar Nijar tana rubuta ƴ inda ta Nijeriya ke rubuta 'y, alamar ɗaurin nan ma ta Mai'adua tana da siffofi fiye da ɗaya a kwamfuta, waɗanda ido ke gani iri ɗaya, na'ura kuwa tana ganin su dabam. Wannan duk aikin awa kaɗan ne ga wanda ya san da matsalar. Ga wanda bai san Hausa ba, matsalar ma ba za ta zo masa a rai ba.

Mafi nauyi duka shi ne sunayen kaya, domin a nan kuskure kuɗi ne. Kwastan na duniya suna amfani da jerin lambobi na bai ɗaya da ya soma aiki a 1988, mai rukunoni fiye da 5,000, kowane da lamba shida. Riɗi 1207.40 ne, wake 0713.35, tumaki 0104.10, awaki 0104.20, raƙuma 0106.13. Babu mahalukin da zai haddace su, don haka nan ne gurbi mai ƙarasa rubutu ya fi amfani. Amma ɗan kasuwa ba ya cewa "dabbar jinsin awaki mai rai". Bunsuru yake cewa, ko taure, ko akuya. Bijimi, ko karsana, ko maraƙi. Balami ko uda. Duk waɗannan sai an jera su, an ɗaure kowace da lambarta. Wani wurin ma kalma ɗaya ce mai fuska biyu. Gujiya a bakin mutanen yamma da na Nijar da yawa gyaɗa ce, wadda ke rukunin 1202. A bakin Bakano kuwa gurjiya ce mai ƙwarya, wadda lambarta 0713.34, a wani babi dabam. Hatsi a Nijar gero ne, a Kano kuwa ya haɗa har da dawa. Gurbin da ya zaɓar wa mutum ɗaya a asirce ya cuce shi. Kamata ya yi ya nuna duka biyun, da ɗan bayani a gefe, ya bar mai kaya ya faɗi wanda ke cikin buhunsa.

Wannan ya kawo ga wata halayya ta ɗan Adam da masu haɗa manhaja ba su cika son ambata ba. Ranar Alhamis da la'asar, ga layi, ga zafi, ga direbobi suna son su kama hanya kafin duhu, akawu zai danna abin da ya fara fitowa a jeri. Kuskuren da ya rubuta da hannu ana iya ganinsa, domin kalmar za ta fito a karkace. Kuskuren da ya zaɓa daga jeri kuwa tsaf yake fitowa, ba ƙura ba tabo, wanda zai duba daga baya ba shi da dalilin zargi. Saboda haka tsarin jerin kansa hukunci ne. A Maigatari, in aka buga "Gu", Gumel da Guri ya kamata su zo a sama, ba Gubio da Gudu ba, ko da yake su ne a gaba a tsarin abacada. Kuma kowane suna ya zo da jiharsa a gefe, tun da akwai Garki a Jigawa, akwai Garki a Abuja.

Sa'an nan me za a yi da abin da ba ya cikin jeri? Wasu masu tsara fom, don tsananin son tsabtar bayanai, sukan toshe gurbin ƙam: in ba ka zaɓi ɗaya daga jeri ba, ba za ka wuce ba. Wannan zalunci ne mai kama da tsari. Makiyayin da ya fito daga wata ruga da ba ta kan taswirar kowa, ko manomi daga ƙauyen da sunansa bai shiga takardar gwamnati ba, za a rubuta shi a gari mafi kusa don aiki ya tafi. Bayan shekara biyar rumbun zai shaida cewa ƙauyen bai taɓa kawo ko tiya ɗaya kasuwa ba, wanda zai raba rijiya ko hanya kuma ya gaskata rumbun. Dole a bar ƙofa: mutum ya rubuta sabon suna, a ajiye shi gefe da alama, wani ma'aikaci da aka ɗora wa alhakin ya duba a ƙarshen mako, ya shigar da shi jeri ko ya haɗa shi da wanda yake akwai. Jerin kaya ma haka yake buƙatar mai kula. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Ana sabunta lambobin kwastan na duniya kusan kowace shekara biyar. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Jerin da aka zuba sau ɗaya aka manta da shi, da kaɗan-kaɗan zai koma yana faɗin abin da ya daina zama gaskiya.

Akwai kuma batun sirri, wanda a kasuwar dabbobi batun rai ne. Gurbin da ke ƙarasa sunayen 'yan kasuwa, in aka bar shi a buɗe ga kowa, ɓarawo ba ya buƙatar fasa komai. Ya buga "a" ya kwafe, ya buga "b" ya kwafe, kafin ya kai "z" ya mallaki sunan duk wanda ke safarar shanu, in an yi sakaci har da lambar wayarsa da garinsu. Mutanen nan da kuɗi masu yawa suke yawo. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a watan Yuni na 2023 ta ɗora alhakin irin wannan a kan mai tara bayanan. Sunayen garuruwa da na kaya na kowa ne, a bar su a fili. Sunayen mutane kuwa sai ma'aikacin da ya shiga da kalmar sirri, bayan ya buga baƙi uku ko huɗu, a nuna masa kaɗan, a kuma rubuta wa ya nema da yaushe. Haka nan duk abin da aka buga a gurbi a ɗauke shi a matsayin kalmar nema kawai, kada a liƙa shi kai tsaye cikin umurnin da ake ba rumbu, domin ta wannan kafa masu kutse suka sha kwashe rumbuna sukutum.

Game da ƙarfin layin sadarwa a bakin iyaka, maganar gajera ce. Sunayen ƙananan hukumomi 774 ba su kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Jeri irin wannan a sauke shi sau ɗaya ya zauna cikin wayar ko kwamfutar akawu, ya yi aiki ko sabis ya ɗauke. Babu hikima a aika tambaya Legas ko Turai don kowane baƙi.

Wani zai ce wannan duk ƙananan abubuwa ne, abin da Maigatari ke buƙata shi ne wutar lantarki da hanya da iyaka a buɗe. Gaskiya ne, ba kuma wanda ya ce gurbin fom zai jawo masana'anta. Sai dai waɗancan na buƙatar biliyoyi da yardar gwamnatoci biyu, wannan kuwa aikin mutane kaɗan ne na 'yan watanni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wani kuma zai ce manhajojin zamani masu kwaikwayon tunanin ɗan Adam za su gane duk waɗannan da kansu. Suna iya taimakawa wajen kawo shawara, amma abin da suka sani daga rubutun da ke intanet suka tsinta, sunayen ƙauyukan Gagarawa kuwa ba su da yawa a can. Takardar kwastan ba wurin cinke ba ce.

To, wa zai yi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jigawa ta shiga harkar kwamfuta da wuri, tun farkon shekarun 2000 da aka buɗe cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, akwai Kwalejin Ilmi a Gumel ɗin kanta, ga Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero a Kano, ga jami'a a Damagaram wadda ta san ɗaya ɓangaren rubutun. Kowace shekara ɗaliban kimiyyar kwamfuta suna haɗa manhajar rajistar ɗalibai ko ta ɗakin karatu a matsayin aikin kammalawa, a ba su maki, a jibge a kabad. Da za a haɗa ɗalibin kwamfuta da na sashen Hausa da na labarin ƙasa, a tura su wurin dagatai da masu unguwanni na masarautar Gumel, wurin sarkin kasuwa da dillalai da 'yan kamasho, da sun dawo da jeri uku: na garuruwa da ƙauyuka da duk yadda ake rubuta su, na kaya da dabbobi da lambobinsu, da na sunayen yanka da siffofinsu na Nijeriya da Nijar.

Sharaɗi ɗaya ne ya kamata hukumar yankin da gwamnatin jiha su riƙe gam a duk kwangilar da za su bayar: jerin na jama'a ne. A wallafa shi a fili, a sa masa kwanan wata, a naɗa ofishin da zai riƙa sabunta shi, ta yadda in kamfanin da ya haɗa shafin ya tafi, ko aka sauya tsari kamar yadda kwastan suka sauya daga ASYCUDA zuwa NICIS, aikin ba zai bi shi ba. Asibitin Gumel da hukumar zaɓe da masu rabon taki duk suna cike gurbin "gari" a nasu fom, kuma jerin da aka yi wa kasuwa zai wadace su su ma.